Shamakin da Baba Ya Zana Mini

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon zane da ƙere-ƙere a Kano, malaminmu ya ce kowa ya ƙera wani abin amfanin ɗaki da kayan da ake samu a garinsu. Yawancin 'yan ajinmu kujera suka zaɓa ko tebur. Ni na ce shamaki zan yi, irin wanda ake tsayarwa a tsakiyar ɗaki ya raba shi biyu, mai ganye uku da ake naɗewa, amma nawa da fitila a jikinsa. Kowane ganye katako ne aka haɗa kusurwa huɗu, a ɗaure masa fatar akuya kamar fuskar ganga, a huhhuda fatar da basilla bisa zane, sannan a jera ƙananan ƙwayayen fitila a bayanta. In an kunna, haske ya ratso fatar, zanen ya fito ta hudojin.

Zanen kuwa ban taɓa kawo kowa a raina ba sai Baba. Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne a Gaya, kuma shi ke yi wa allon masu sauka zayyana. Tun daga Kademi har Ajingi ake kawo masa alluna. Na taso ina ganin yadda yake jan da'ira da hannu ɗaya ba tare da ya ɗora murfin kwano ba, layi ya tashi ya je ya tarar da ɗan'uwansa daidai inda ya kamata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini.

Na dawo gida hutu ana sauran kwana kaɗan Babbar Sallah, damina ta zauna. Na same shi a zaure na nuna masa takardar da na zana fasalin abin. Ya daɗe yana kallonta, yana juya kansa gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

“Uwata, wannan kuma na mene ne?”

“Na raba ɗaki ne, Baba. Kuma na ado.”

“To, zan zana miki. Amma ba harafi ko ɗaya. Abin da za a tsayar a ƙasa, yara su jingina da shi, ba a sa masa aya.”

Na ce na yarda. Ya miƙo mini takardar, ya ce in na haɗa fatun in kawo masa da hantsi, lokacin da rana ta fito sosai. Maganar ta ɗan tsaya mini, domin Baban da na sani a zauren nan mai duhu yake aiki har a kira magariba. Amma ban ɗauke ta da nauyi ba.

Fatun a Toranke na samo su, ƙauyen da aka haifi Baba, inda yayansa yake zaune har yanzu yana noma. Baffa muke ce masa. Na yi masa waya tun kafin Sallah, ya ajiye mini fatun akuya uku na layya. Na hau babur daga Gaya da safe, hanya duk taɓo, gero ya kai gwiwa a gonaki. Baffa ya shimfiɗa fatun a tsakar gida ya nuna mini yadda zan jiƙa su a ruwan toka har gashin ya saki. Ya ce kada in bari kowa ya sa musu bagaruwa, in an sa za su yi duhu, haske ba zai wuce ba.

Muna cikin naɗe su sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ni kam na yi wa ubanki laifi ne?”

Na ce ban ji komai ba.

“Kwanan baya na gan shi a kasuwa a Ajingi. Ina tsaye ta hagunsa, kamar nan da turken can. Na ɗaga masa hannu, na sake ɗagawa. Ya wuce ni. Sai da na kira shi da murya sannan ya juyo, yana cewa ashe ni ne.”

Na yi dariya na ce wataƙila tunani yake. Baffa bai yi dariya ba. Ya ɗaure fatun da igiya, ya ja ƙullin da ƙarfi, ya zauna a kan dugadugansa yana kallon ƙasa.

“Ba ki san kakanku ba. Shekarunsa na ƙarshe da sanda ake jan sa. Ba ciwo ya yi ba, idon nan fari tas, in kin kalle shi ba za ki ce komai ba. Da gefe ya fara.”

Baffa kamar ya yi nadamar faɗa, ya miƙe ya dubi gabas, ya ce hadari na haɗowa, in tashi in kama hanya kada ruwa ya tare ni. Duk tsawon hanyar na riƙe fatun a cinyata ina gaya wa kaina cewa tsofaffi haka suke, komai sai sun jingina shi da wani abin da ya wuce.

Aikin fatar ya fi yadda na zata wuya. Kwana biyar suna cikin ruwan toka a wani tsohon baho a bayan ɗakin girki, warinsu ya cika gidan, Umma mahaifiyata tana ta faɗa cewa na tara mata ƙudaje. Na kankare gashin da bayan wuƙa, na kankare ciki har fatar ta yi shara-shara, in na ɗaga ta ina hango inuwar yatsuna. Kafintan unguwarmu ya haɗa mini katakon, ya sa ƙarfen da ake haɗa ƙyaure da shi tsakanin ganyayen. Muka ɗaure fatun suna da danshi, muka buga musu ƙananan ƙusoshi a kewaye. Saboda damina sun ƙi bushewa da wuri. Kullum sai in fito da su in rana ta leƙo, in mayar da su da gudu in sama ta yi baƙi.

A wannan zaman jiran ne na fara lura da gidanmu. Turmi, wanda tun ina yarinya yake tsakiyar tsakar gida, an mayar da shi lungu. An ɗaga igiyar shanya sama har sai Umma ta yi ɗage kafin ta kai. Turken akuya da ke kusa da hanyar banɗaki an tumɓuke shi, an cike ramin. Keken Baba yana jingine a zaure, tayoyinsa sun sace, wai gwiwa ce ke damunsa. In Umma za ta ajiye masa buta ko kwanon abinci, sai ta zagaya ta damansa, ko da ta hagu ta fi kusa. In an kira magariba ba ya fita sai ya ji tarin maƙwabcinmu a ƙofar gida, su tafi tare. Ko wanne daga cikin waɗannan in shi kaɗai ne ba komai ba ne. Ni ce dai na je Toranke na dawo.

Da fatun suka bushe suka yi tauri, Baba ya zana su cikin kwana uku, kowace hantsi ɗaya. A bakin ƙofar ɗakinsa ya zauna, cikin rana, ya ɗora ganyen a cinyarsa, da alƙalaminsa na kara da tawada da ya tsinka da ruwa don kada ta yi baƙi da yawa. Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Kansa ne dai ke ta juyawa, yana bin bakin alƙalamin duk inda ya je. Da ya gama na ƙarshe ya ce, “Ga shi nan, Uwata. Sauran naki.”

Na kai su ɗakina na fara hudawa. Aiki ne na haƙuri: basilla, ƙaramin guntun katako a ƙasa, huda bayan huda, tsakaninsu kamar faɗin ƙwayar gero. Na fara daga dama. Nan zanen Baba ne sak, ƙulle-ƙullen da ke shiga cikin juna su fito, ba inda za ka ce ga farko ga ƙarshe. Ina bin layin da ya kewaye ganyen na farko har na iso gefen hagu, sai basillata ta tsaya a fili. Layin ya yanke. Wanda ya taho daga sama da wanda ya taho daga ƙasa sun saɓa da kusan faɗin yatsa biyu.

Na ce fatar ce ta motsa. Na jawo ganye na biyu. Ƙulli huɗu ya kamata a samu, ɗaya a kowace kusurwa. Uku ne. Kusurwar hagu ta ƙasa babu komai, fata ce fara. A na uku kuwa furen da ke hagu sau biyu ya zana shi, ɗaya a kan ɗaya, sun ɗan goce, kamar ya manta ya riga ya yi, ko kuma ya duba bai gan shi ba.

Na ɗauko fensir na fara haɗa layin da ya yanke. Ina cikin haka inuwa ta tare mini ƙofa. Umma ce, da tsintsiya a hannunta. Ta kalli fatar, ta kalli fensirin.

“Gyara ki yi shiru,” in ji ta.

“Umma, tun yaushe?”

Ta shigo ta ja labule. Ta ce in leƙa bayan gadonta in na samu sarari. Alluna biyu ne a can, naɗe da zane. Masu su sun dawo da su tun bara, cikin ladabi, suka ce ko za a duba. Ita ta karɓa a ƙofa, ta ba su haƙuri, ta gaya wa Baba cewa sun yaba.

“Shi bai sani ba?”

“Ya za a yi mutum bai san idonsa ba? Bai dai faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba.”

“Sai yaushe za a faɗa?”

Ta fita ta ci gaba da shara a wurin da ta riga ta share.

Na gyara na farko, na ƙirƙiro ƙulli na huɗu a na biyu ta hanyar kwaikwayon na dama. Furen nan biyu kuwa ba yadda zan yi da su, domin tawada ta riga ta shiga fatar, sai na huda ɗaya na bar ɗayan. Na sayo ƙwayayen fitilar a kasuwa, irin waɗanda ke zuwa jere a kan dogon tef, masu shago na liƙa su a jikin kantarsu. Na liƙa su ta cikin katakon, na rufe baya da farin yadi, na ja waya daga ganye zuwa ganye ta kai ga batirin babur. Duk lokacin da nake wannan aikin ina jin Baba ta bango yana karatu da ka, muryarsa yadda take kullum.

Shi ya matsa a gwada. Ranar bayan azahar hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, iska ta tsaya cak, kaji suka shige akurki da kansu. Baba ya ce a ɗakinsa za a kunna, tunda ya fi duhu. Ni da Umma muka ɗauko shamakin muka tsayar a gabansa, yana zaune a kan buzunsa. Na rufe taga, na tura ƙyaure, Umma ta rataya bargo a kai. Na durƙusa a baya na haɗa wayar da batir.

Duka ukun suka kama lokaci ɗaya. Ban taɓa ganin abin da na yi da hannuna ya yi kyau haka ba. Fatar ta yi ruwan zuma, jijiyoyin akuyar suka fito siriri a cikinta, hudojin suka watsa ɗige-ɗigen haske a kan bango da rufi da farar rigar Baba. Na zagayo gaba na tsaya kusa da Umma.

“Ma sha Allah,” in ji Baba. Yana kallon ganyen tsakiya. “Ya yi. To kunna na ukun mu gani.”

Umma ta kama damtsena ta matse. Ganye na uku yana nan ta hagunsa, tazarar hannu ɗaya, yana haska masa kunci.

Na ji bakina yana cewa, “Ina jin waya ce ta saki, Baba, bari in duba.”

Ban kai ga motsawa ba ya juya kansa a hankali zuwa hagu. Ya gan shi. Ya tsaya a haka. Na ga idonsa yana bin zanen, ya zo kan furen nan, wanda na huda da wanda na bari, domin hasken ya fito da tawadar ƙarara. Ya miƙa yatsa ya taɓa wurin. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi.

“Wannan bakan gizon da ke kewaye da kowane haske,” ya ce, “ke kika sa shi?”

“A'a, Baba. Babu bakan gizo.”

Ya gyaɗa kai. “Kashe.”

Na cire wayar. Muka zauna cikin duhu mu uku, ba wanda ya tashi ya buɗe ƙofa, har ruwa ya sauko.

Kwana biyu bai ce da ni komai ba bayan amsa gaisuwa. Abinci yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Shamakin yana ɗakinsa a naɗe, ban iya shiga in ɗauko ba. A rana ta uku bayan la'asar ya kira ni zaure. Takardun da yake rubutu a kai suna gabansa, an danne su da dutse.

“Ke kika haɗa layin nan na ganyen farko.”

“Ni ce.”

“Hannunki bai kai ba tukuna, amma ba laifi. Shekara biyu ke nan da idon ya fara. Da farko kamar mutum ya tsaya a gefena da baƙin mayafi. In na juya sai ya matsa. Yanzu ya daina matsawa da nisa.”

Na ce gobe mu tafi asibitin ido a Kano. Ya ce a'a. Izu goma suka rage masa a rubutun da yake yi, in bari ya ƙarasa. Ya ce ya san mutanen da aka sa wa wuƙa a ido suka dawo ba su ga ko tafin hannunsu ba. Ya ce mahaifinsa ya yi haƙuri da abin da Allah ya ba shi, shi ma zai yi.

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba kafin ranar. Na ce masa izu goma a yadda yake rubutu yanzu shekara ce, kuma ban san ko idon zai jira shekara ba. Na ce in bai tashi ba zan kira Baffa, in gaya masa duk abin da ya faru. Ya kalle ni da mamaki, ya ce ashe har na yi girman da zan kai ƙararsa. Na fita na kira Baffa. Washegari da sassafe sai ga shi a kan babur, wandonsa duk taɓo. Ban san abin da suka faɗa wa juna a zaure ba, na dai ji muryar Baffa ta tashi sau ɗaya. Da suka fito Baba ya ce wa Umma ta ɗauko masa babbar riga.

A asibitin mun yini. Aka ɗiga masa magani, aka auna, aka sa shi ya ɗora haɓa a wata na'ura, aka ba shi wani abin dannawa a hannu, aka ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Ina tsaye a bayansa. Da aka rufe hagu ana gwada dama yana dannawa jefi-jefi. Da aka koma hagu babban yatsansa ya daɗe a sama bai sauka ba.

Likitar mace ce, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu saura kaɗan, na dama ya fara cinyewa daga gefe. Baba ya tambaya ko za a yi aiki ya dawo.

“Malam, abin da ya tafi ba ya dawowa,” in ji ta. “Wanda ya rage za mu yi ƙoƙari mu riƙe. Da an zo tun farko da mun riƙe fiye da haka.”

Ta rubuta maganin ɗigawa safe da yamma, har ƙarshen rayuwa. Sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko ni 'yarsa ce. Ta ce abin yana bin jini, 'ya'yansa da 'yan'uwansa duk su zo a auna su, ko da ba sa jin komai, domin ba ya ciwo.

Shamakin na kai shi makaranta a saman mota, naɗe da tabarma. Na ci jarrabawar. Malamin ya tambayi wanda ya yi zanen, na ce mahaifina, ban ƙara komai ba. Da aka dawo mini da shi na bar shi a ɗakin Umma, inda zafin bazara ya tsaga fatar tsakiya, yanzu hijabai ake ratayawa a kai.

Baba ya rubuta izu takwas cikin goman nan, da manyan haruffa, a rana, Umma na ɗiga masa magani kan lokaci ba ta taɓa fashi ba. Biyun ƙarshe wani abokin karatunsa ya ƙarasa, Baba na zaune yana saurare. Zayyana kam ya bar ta. Har yanzu yana gane fuska in mutum ya tsaya a gabansa daidai, kuma yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Yayana ya je an auna shi, lafiyarsa lau. Baffa ya ce sai bayan kaka, kuma kaka uku ke nan yana faɗar haka. Ni na je ni kaɗai. Likitar ta auna sau biyu, ta ce na hagu ya ɗan hau, ba abin tashin hankali ba ne tukuna, amma in riƙa dawowa duk bayan wata shida. Ta ba ni kati ta rubuta rana a kai. Talata mai zuwa ce ranar komawata. Umma ta ɗauka kayan aiki zan je sayowa a Kano, har ta ba ni saƙon zare.